Yadda Ake Tabbatar da Limfoma Idan Ta Fito a Tsoka ko Ƙarƙashin Fata

Masu karatu da dama sun yi ta maimaita tambaya ɗaya, ko da yake kowa da yadda ya faɗe ta. An ce wa ɗan'uwansu ƙarin da ya fito masa a cinya ko a baya limfoma ne, su kuwa abin da suka sani shi ne limfoma ciwon kaluluwa ce, to ta yaya likita ya kai ga wannan magana, kuma me ya sa aka yi ta aika su gwaji bayan gwaji maimakon a yanke abin kowa ya huta? Limfoma ciwon daji ne na wani rukunin fararen ƙwayoyin jini, kuma da yake waɗannan ƙwayoyi suna zagaya jiki ko'ina, ciwon yana iya tasowa a wurin da ba kaluluwa ba. Limfoma tana da manyan rukuni biyu, ta Hodgkin da wadda ba ta Hodgkin ba. A cikin ta biyun, kusan kashi 1 cikin 3 daga wajen kaluluwa take farawa, galibi a ciki da hanji da fata. Wadda ke farawa a tsoka ko kitse ko naman ƙarƙashin fata ba ta kai 1 cikin 100 ba, shi ya sa ba ita ke fara zuwa zuciyar wanda ya ga ƙarin ba.

Dalilin bin matakan nan a jere shi ne, ciwon dajin da ya fi kama da ita a tsoka, wato sarkoma, tiyata ce babban maganinsa, ita kuwa limfoma da magungunan kemo ake warkar da ita, ba da wuƙa ba. Wanda aka yi wa babbar tiyata saboda an ɗauki limfomarsa a matsayin sarkoma ya yi asarar tsoka da kuɗi da makonni a banza, ciwon kuma yana nan.

Mataki na 1: A auna ƙarin, a rubuta labarinsa

Tun daga gida ake fara aikin. A sami awon tela a auna tsawon ƙarin da faɗinsa da santimita, a rubuta ranar da aka auna, a ɗauki hotonsa da waya, sannan a sake awon duk mako a wuri ɗaya. Idan a cinya yake ko damtse, a auna kewayen gaɓar, a auna ta ɗaya gefen don a kwatanta. Likitoci suna ɗaukar ƙari da muhimmanci idan ya wuce santimita 5, ko yana can cikin tsoka ba saman fata ba, ko yana ƙaruwa, ko yana ciwo, ko ya dawo bayan an taɓa cire shi. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a tafi asibiti, ba sai sun haɗu ba.

A rubuta kuma ko akwai zazzaɓin da ya wuce digiri 38 ba tare da an gano dalilinsa ba, ko gumin dare mai jiƙa riga da zanen gado, ko ramar da ta cinye fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyin mutum a wata 6. Rashin waɗannan alamu ba ya kore limfoma, domin da yawa daga masu ita a tsoka ƙarin kaɗai suke zuwa da shi.

Gargaɗi: kada a kai ƙarin wurin wanzami a yi masa ƙaho ko sakiya, kuma kada a matsa shi ko a ɗaura masa haɗin da zai ci fata. Raunin da za a buɗe yana iya kamuwa da ƙwayoyin cuta, ya ɓata hoto, ya kuma jinkirta fara kemo har sai ya warke.

Mataki na 2: Ganin likita

A tafi da takardar awon da duk magungunan da majinyaci ke sha, a cikin kwalayensu, har da na gargajiya da na kyamis. Likita zai lalubi ƙarin ya ji taurinsa da ko yana motsi, sannan ya duba wuya da hammata da matsematsi don neman kaluluwar da ta kumbura, ya duba makogwaro, ya taɓa ciki don jin hanta da saifa. Idan namiji ne zai duba maraina. Wannan dubawa ta jiki duka tana da amfani kai tsaye, domin idan aka sami babbar kaluluwa a wurin da hannu ke kaiwa, wani lokaci ita ta fi sauƙin ɗauka don gwaji.

Gargaɗi mai nauyi a nan shi ne na firednisolon da deksametason. Waɗannan magunguna suna kashe ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci, ƙarin ya sace cikin kwanaki, iyali su yi murna, alhali abin da ya faru shi ne an goge shaidar da likitan binciken nama zai karanta. Bayan makonni ƙarin ya dawo, naman da aka ɗiba a tsakani kuma ya fito babu amsa. A yankinmu ana samun waɗannan ƙwayoyi cikin sauƙi, kuma suna shiga haɗin maganin ciwon jiki da na ƙiba da ake ƙullawa a leda ba tare da suna ba, don haka duk wanda ya sha irin wannan haɗi ya faɗa wa likita ba tare da jin nauyi ba. Wanda ya daɗe yana shan su saboda asma ko wata cuta kada ya daina kwatsam da kansa, domin hakan yana da nasa hatsarin. Likita ne zai tsara yadda za a rage.

Akwai yanayin da ba a jiran layi. Idan ƙarin yana gefen ƙashin baya kuma ƙafafu sun fara sanyi ko rauni, ko fitsari ya ƙi fita, ko mutum ya kasa riƙe bayan gida, ko fuska da wuya sun kumbura numfashi yana wahala, a tafi sashen gaggawa a ranar. Haka nan yaron da haɓarsa ko cikinsa ke kumbura kullum ana ganin ƙari, domin limfomar Burkitt, wadda ta yawaita ga yara a yankunan zazzaɓin cizon sauro na Afirka, tana iya ninka girmanta cikin kwana 1 zuwa 2.

Mataki na 3: Hoto kafin a taɓa ƙarin

Sikanin ne ake fara yi, shi ne mafi arha kuma ana samunsa kusan ko'ina. Aikinsa ya nuna ko ƙarin nama ne ko ruwa, ko akwai jini na gudana a cikinsa, ko kuwa kumburin daga daskarewar jini a jijiya ya zo. A nan ake yawan yin kuskure, domin limfoma a sikanin tana fitowa da duhu har ta yi kama da taruwar ruwa, kuma ƙurjin cikin tsoka, mai tara mugunya a cinya ko ɗuwawu, cuta ce da likitocin ƙasashe masu zafi suka saba gani. Idan aka soka allura ba a sami mugunya ba, ko aka tsaga aka tarar da nama, ko an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta har ƙarshe kumburin bai sauka ba, to lokacin canza tunani ya yi, kuma bai kamata a sake rubuta wani zagayen maganin ba.

Hoton MRI tare da allurar da ke haska nama shi ne ya fi nuna ƙarin tsoka. Limfoma tana da wasu halaye a cikinsa da ke sa mai karanta hoto ya yi zarginta: tana bin tsawon tsoka maimakon ta dunƙule wuri ɗaya, tana tsallakawa daga wannan rukunin tsoka zuwa wancan, jijiyoyin jini suna ratsa ta ba tare da ta toshe su ba, fatar da ke kanta kuma tana yin kauri. Duk da haka hoto zargi yake kawowa, ba ya yanke hukunci. Idan MRI bai samu ba, hoton CT tare da allura yana tsayawa a madadinsa, a haɗa da hoton ƙirji.

Gargaɗi: a yi hoton kafin ɗibar nama, domin zubar jini da kumburin da ke biyo bayan allura suna rikita shi. A gwada ƙoda kafin allurar haska hoto. Mai ƙarfe a jiki ko na'urar bugun zuciya ya faɗa kafin ya shiga ɗakin MRI, mai juna biyu ma ta faɗa kafin kowane hoto. A karɓi hotunan kansu a faifai, ba takardar rahoto kaɗai ba.

Mataki na 4: Gwajin jini

Babu gwajin jinin da ke tabbatar da limfomar tsoka, amma ana buƙatar wasu tun yanzu: ƙidayar ƙwayoyin jini tare da duba su a madubin likita, LDH (wani sinadarin jini da ke hawa idan ƙwayoyin jiki suna lalacewa), sinadarin yurik, aikin ƙoda da hanta, kalsiyam, da gwajin daskarewar jini kafin a soka allura. Sai gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, da na ciwon hanta nau'in B da C. Wasu iyalai suna jin haushi idan aka ambaci gwajin cuta mai karya garkuwa, suna ɗauka zargi ne, alhali ana yi wa kowane mai limfoma, domin sakamakon yana canza nau'in da ake tsammani da kuma tsarin magani. Na ciwon hanta nau'in B kuwa, maganin rituksimab da ake bai wa yawancin masu limfomar ƙwayoyin B (wani rukunin fararen ƙwayoyin jini ne, daban da B ɗin ciwon hanta) yana iya tayar da ƙwayar cutar da ta kwanta ta lalata hanta, saboda haka a yi gwajin HBsAg a haɗa da gwajin anti-HBc, domin na biyun ne ke nuna wanda ya taɓa kamuwa ya warke.

Mataki na 5: Ɗibar nama

Wannan shi ne matakin da duk sauran suka dogara a kansa, kuma a ganina idan kuɗi bai isa komai ba, nan ne wurin da bai kamata a yi tsumulmula ba. Hanya uku ce. Ta farko siririyar allura ce da ake zuƙo 'yan ƙwayoyi da ita a shafa a gilashi. Tana da sauri da arha, kuma an daɗe ana amfani da ita wajen gano Burkitt ga yara idan lokaci ya ƙure, amma ga babban mutum mai ƙari a tsoka ba ta wadatar, domin likitan binciken nama yana bukatar ganin yadda ƙwayoyin suka jeru a cikin naman, kuma yana bukatar abin da zai yi rini da yawa a kansa. Ta biyu kakkaurar allura ce mai yanko nama, galibi mai lamba 14 ko 16, ana shigar da ita ana kallon sikanin ko CT, kuma ita ce aka fi zaɓa. Ta uku ƙaramar tiyata ce da ake yanko gutsuren ƙarin, ana komawa gare ta idan ta biyu ba ta ba da amsa ba.

Ga yadda ta biyun ke gudana. Majinyaci zai kwanta, a wanke wurin, a yi masa allurar kashe zafi, a ɗan tsaga fata kaɗan yadda allurar za ta shige. Mai aikin yana kallon allon sikanin har bakin allurar ya isa sashen da ke da rai, sannan ya danna, a ji wata ƙara ƙas, wadda ke firgita wanda ba a gaya masa ba. Abin da ke fitowa siririn nama ne kamar guntun taliya, tsawonsa santimita 1 zuwa 2. Ana maimaitawa sau da yawa, aƙalla 3 ko 4, daga sassa daban-daban, sannan a danne wurin a manna filasta. Yawanci ba a kwana a asibiti.

Kura-kuran wannan mataki su ne suka fi tsada. Na farko shi ne ɗiba daga tsakiyar babban ƙari, inda nama ya riga ya mutu. Gefen da jini ke gudana ake nema. Na biyu shi ne matse naman da hantsaki, domin ƙwayoyin limfoma ba su da ƙwari, da an murƙushe su sai su zama shafe-shafen da ba ya karantuwa. Haka ma yanka da wuƙar lantarki yana ƙona su. Na uku ya shafi hanyar da allura ta bi. Tunda har yanzu ba a san ko sarkoma ce ba, dole a zaɓi hanyar tare da shawarar likitan tiyatar da zai yi aikin idan ta tabbata sarkoma, domin a lokacin sai an yanke hanyar allurar tare da ƙarin. Saboda wannan dalilin ne idan tsagawa za a yi a hannu ko ƙafa, ana bin tsawon gaɓar, ba a gicciye ba.

Gargaɗi: kada a yarda a cire babban ƙari mai zurfi gaba ɗaya a ƙaramin ɗakin tiyata da sunan kitse ne, ba tare da hoto da ɗibar nama ba. Idan kuma an riga an cire, kada a binne naman ko a zubar da shi, komai kyan da ya yi wa ido; a sa shi a fomalin, wato ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, a kai gwaji. Mai shan wafarin ko asfirin ko wani maganin tsinka jini ya faɗa kwanaki kafin ranar, ya bar likita ya yanke ko za a dakatar.

Mataki na 6: Rabon naman da tafiyarsa

Aiki mai kyau yana lalacewa a cikin kwalba fiye da yadda mutane ke zato, kuma tunda sau da yawa ɗan'uwan majinyaci ne ke ɗaukar kwalbar a mota zuwa babban asibiti, ya kamata ya san abin da ke hannunsa. Mafi yawan naman ana saka shi nan take a fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, kuma ruwan ya ninka naman aƙalla sau 10. Babban gutsure a ƙaramar kwalbar da aka cusa shi da ƙyar zai ruɓe daga ciki kafin fomalin ya ratsa. Ruwan gishiri ko barasar goge rauni ba sa maye gurbin fomalin. Kada a saka kwalbar a firiza, kada a bar ta a rana a gaban mota, kuma kada a ajiye ta a gida mako biyu ana neman kuɗi, domin naman da ya wuce kamar kwana 3 a fomalin yakan fara ƙin karɓar wasu rinin da ake bukata.

Guntu ɗaya kuma a ware shi a kwalba mai tsabta da ɗan ruwan gishirin asibiti, ba fomalin, don gwajin tarin fuka na GeneXpert da shukar ƙwayoyin cuta. Tarin fuka yana tara mugunya a gefen ƙashin baya da tsokar ƙugu ba tare da wurin ya yi ɗumi ba, yana kawo zazzaɓi da gumin dare da rama, wato alamun limfoma sak. An sha ɗora masu limfoma a kan maganin tarin fuka na wata 6 bisa zato kawai, kuma wannan guntu ɗaya yana iya hana hakan. Idan asibitin yana da na'urar da ke tantance ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya a cikin ruwa, ita ma ɗanyen nama take so, a kai shi a ranar, don haka a tambayi ɗakin gwajin tun kafin a soka allura.

Kafin a bar wurin, a karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar, ba a murfi ba: suna, shekaru, lambar asibiti, wurin da aka ɗibi naman da gefen dama ko hagu, rana da lokaci. Takardar da ke rakiya ta ƙunshi girman ƙarin, abin da hoto ya nuna, sakamakon gwajin garkuwar jiki, ko an sha firednisolon ko deksametason, da lambar wayar likita, kuma a rubuta a fili cewa ana zargin limfoma. Asibitocin koyarwa, irin su na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri, suna da sashen binciken nama. A kira a tambaya ko suna da rinin limfoma a hannu a lokacin, ko za su aika wani wuri.

Mataki na 7: Karatun madubi da rinin tantancewa

A ɗakin gwaji ana daskarar da naman a cikin kaki, a yanka shi sirara, a rina, a duba a madubi. Wannan karatun farko yakan ɗauki mako 1 zuwa 2, kuma abin da yakan ce shi ne an ga ciwon daji mai ƙananan ƙwayoyi ko manyan ƙwayoyi masu zagaye, ana bukatar ƙarin rini. Iyalai da yawa suna tsayawa a nan, suna ganin an riga an samu amsa. Ba a samu ba, domin limfoma da sarkomar Ewing, wadda ta fi kama ƙashi, da sarkomar tsokar yara da wasu cututtukan dajin da suka yaɗo daga wani wuri duk suna iya yin kama da juna a wannan karatu.

Rinin tantancewa, wanda ake rubutawa IHC a takarda, shi ke raba su. Ana biyan kuɗinsa ne bisa yawan rinin, shi ya sa ya fi kyau a yi shi hawa biyu. Hawa na farko yana amsa tambayar ko limfoma ce: CD45 na fararen ƙwayoyin jini, CD20 na ƙwayoyin B, CD3 na ƙwayoyin T, tare da saitokeratin da S100 da desmin don kore sauran. Hawa na biyu yana fitar da nau'i: CD10, BCL6, MUM1, BCL2, MYC da Ki-67, wanda ke nuna saurin hayayyafar ƙwayoyin. Nau'in da aka fi samu a tsoka shi ne mai manyan ƙwayoyin B, wanda za a gani a rubuce DLBCL. A Burkitt, Ki-67 yana kusan kashi 100 cikin 100, kuma inda hali ya yi ana tabbatarwa da gwajin FISH, mai nemo sauyin ƙwayar gadon da ake kira MYC.

Akwai tarkuna uku da ya kamata ma'aikacin lafiya ya riƙe. Limfomar ƙwayoyin da ba su gama girma ba, wadda ta fi kama yara da matasa, tana karɓar CD99 kuma tana iya ƙin CD45, sai a kira ta sarkomar Ewing. Rinin TdT ne ke warware wannan. Wata limfomar ƙwayoyin T da ake kira ALCL ita ma tana iya ƙin CD45 da CD3, sai an saka CD30 da ALK ake ganinta. Ga mai cuta mai karya garkuwar jiki akwai nau'in da ke ƙin CD20, wanda ake nema da CD138 da MUM1 da gwajin EBER. Saboda haka rashin CD45 ko CD20 kaɗai bai isa a ce ba limfoma ba ce.

Gargaɗi: rahoton da ya tsaya a kan limfoma wadda ba ta Hodgkin ba, ba tare da nau'i ba, bai kammala ba. Maganin DLBCL daban, na Burkitt daban, na ƙwayoyin T daban, kuma rituksimab mai tsada ba ya amfanar wanda ƙwayoyinsa ba su da CD20.

Mataki na 8: Idan amsa ba ta fito ba

Idan aka ce naman bai isa ba, ko ya mutu, ko kumburi kawai aka gani alhali ƙarin yana ci gaba da girma, a sake ɗiba, wannan karon ta ƙaramar tiyata. Idan kuwa shakka ce a kan karatun, ba sai an sake soka majinyaci ba. A nemi bulon kakin da gilasan a rubuce, a kai wa wani likitan binciken nama, zai fi kyau wanda ya saba da cututtukan jini. A riƙe lambar gwajin da ke saman rahoto, domin da ita ake nemo bulon ko bayan shekaru.

Mataki na 9: Gano inda ciwon ya kai

Sai bayan wannan mataki ake iya cewa limfomar daga tsoka ta fara, domin wani lokaci ƙarin da ake gani reshe ne na ciwon da ke ɓoye a ƙirji ko ciki ko ƙashi. Tsarin Lugano na 2014, wanda likitoci ke bi wajen auna yaɗuwar limfoma, ya fifita hoton PET, mai haska inda ƙwayoyin ciwon suke, da aka haɗa da CT ga nau'o'in da ke saurin girma. Na'urar ba ta da yawa a yankinmu kuma ita ce mafi tsada a duk jerin, don haka idan ba ta samu ba ana yin CT na wuya da ƙirji da ciki da mara tare da allura, kuma bai kamata a jinkirta magani makonni ana jiran PET ba. Wanda zai yi PET zai bar abinci awa 4 zuwa 6, sai ruwa zalla, a daidaita sukarin jininsa, kuma ya guji aikin ƙarfi kwana ɗaya kafin ranar, domin tsokar da ta yi aiki tana haskawa a hoton, ta rikita wurin da ake son gani.

Ɗibar ɓargo daga bayan ƙashin ƙugu tana biyo baya, musamman idan ba a yi PET ba ko ƙidayar jini ta sauka. A Burkitt da wasu masu babban hatsari ana ɗibar ruwan laka. Idan wuri ɗaya ne kawai ba kaluluwa, za a rubuta cewa ciwon yana mataki na IE. Idan kaluluwar da ke kusa ta shiga, IIE. Idan ya kai ɓargo ko ya watsu a gaɓoɓi masu nisa da juna, mataki na IV. Ga DLBCL likitan jini zai kuma lissafa maki 5: shekaru sama da 60, hawan LDH, raunin jiki, mataki na III ko IV, da wurare fiye da ɗaya a wajen kaluluwa. Mataki na IV a limfoma ba ya nufin an cire rai, domin DLBCL tana cikin cututtukan dajin da ake warkewa daga gare su ko da sun yaɗu.

Mataki na 10: Kuɗi da takardu kafin fara magani

Farashi ya bambanta tsakanin asibitin gwamnati da mai zaman kansa, don haka a nemi jerin kuɗin a rubuce tun ranar farko, har da na rinin tantancewa, wanda mutane suka fi mantawa da shi har sai aljihu ya ƙare a kan hotuna. Sikanin da gwajin jini su ne masu sauƙi, ɗibar nama da karatun farko a tsakiya, MRI da CT da cikakken rini sama da su, PET a ƙoli. Idan dole sai an zaɓa, a fifita ɗibar nama mai kyau da rini da gwajin hanta da na garkuwar jiki, sannan CT. Mai inshorar lafiya ya nemi takardar turawa kafin a yi gwajin, ba bayan an biya ba.

Maganin DLBCL da aka saba shi ne haɗin R-CHOP, wato rituksimab tare da magungunan kemo, duk kwana 21, galibi zagaye 6, kuma ɗaya daga cikin magungunansa yana iya taɓa zuciya, saboda haka a yi sikanin zuciya kafin a fara. Mace a yi mata gwajin ciki, kuma wanda ke son haihuwa nan gaba ya tayar da maganar kafin allurar farko. A haɗa rahoton nama da na rini da faifan hotuna da sakamakon jini a jaka ɗaya, a ɗauki hoton kowace takarda a waya, a bar asalin a hannun mutum ɗaya daga cikin iyali wanda zai riƙa raka majinyaci asibitin likitan jini.